Wa Ya Yi Magana, Wa Aka Hana: Karatun Tsanaki a Kan Fagen Hukunci a Ƙagaggun Labaran Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki fage guda da ke yawan maimaituwa a ƙagaggun labaran Hausa, wato fagen da ake yanke wa mutum hukunci, ko a fada ko a tsakar gida. Ta bi shi a cikin Shaihu Umar da Ruwan Bagaja (1934) da Alhaki Kuykuyo Ne (1990), sannan ta leƙa gajeren labari na zamanin nan. Manufarta ita ce ta nuna cewa abin da littafi ke nufi ya fi fitowa daga yadda marubuci ya raba magana tsakanin taurarinsa, fiye da jigon da muka saba liƙa masa a kundayenmu.

1.0 Gabatarwa



A jaridun garin nan na Kaduna aka fafata muhawarar da har yau ba mu gama fita daga inuwarta ba. Tun farkon shekarun 1990 a shafukan Nasiha, daga baya kuma a filin adabi na New Nigerian Weekly wanda Ibrahim Sheme ya riƙe, masana da marubuta suka yi ta musayar alƙalami a kan sababbin littattafan da ke fitowa daga Kano. Ibrahim Malumfashi, wanda ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, ya tsaya a gefe guda. Abdalla Uba Adamu ya tsaya a ɗaya gefen yana kare su. Yusuf Adamu da Ado Ahmad Gidan Dabino da wasu suka tofa albarkacin bakinsu. Tambayoyin da aka yi ta juyawa su ne: waɗannan adabi ne ko ba adabi ba ne, suna gyara tarbiyya ko suna ɓata ta, kuma nawa ne nasu nawa ne na finafinan Indiya. Muhawarar ta yi amfani ƙwarai, domin ita ta tilasta wa jami'o'i su waiwayi abin da matan aure da 'yan makaranta ke karantawa. Sai dai ta bar mana wata ɗabi'a: muna magana a kan littattafai a dunƙule. Na 1934 tuli guda, na soyayya tuli guda, a ɗora wannan a ma'auni, a ɗora wancan.

Ɗabi'ar ta haɗu da wata a sassan nazarin harsuna. Tsarin da malamanmu suka shimfiɗa mana, wato tarihin marubuci, jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da taurari, tsani ne mai kyau. Amma a hannun ɗalibai da yawa ya koma fom ɗin cikewa. Ɗalibi zai rubuta cewa jigon Shaihu Umar bauta ne ko haƙuri, jigon Ruwan Bagaja nishaɗi ne, jigon Alhaki Kuykuyo Ne illar wulaƙanta mace, ya kawo taƙaitaccen labari, ya rufe babi. Babu ƙarya a ciki, amma wanda bai taɓa buɗe littafin ba ma zai iya rubuta haka. Abin da nake so mu yi yau shi ne mu tsaya a fage guda, mu tambayi wa aka ba bakin magana, wa aka hana, kuma ta bakin wa labarin ya iso gare mu.

2.0 Makau a gaban Sarki

Abubakar Tafawa Ɓalewa bai wuce shekara 22 ba lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta buga Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar 1933. Littafin ya buɗe da dattijon malami, Shaihu Umar, zaune a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya fara warware musu. Tun daga nan mai karatu ya san Umar zai tsira, domin ga shi yana ba da labari cikin rufin asiri. Saboda haka zullumin littafin ba a kan Umar yake ba. Yana kan waɗanda suka kewaye shi.

Na farkonsu Makau, mijin uwarsa, bafaden Sarkin Kagara. An tura hari, an dawo da bayi, 'yan'uwansa fadawa da ke jin haushin kusancinsa da Sarki suka ce ya ɓoye wasu daga cikin waɗanda ya kamo. A duba yadda Ɓalewa ya tsara fagen. Masu ƙara sun riga sun haɗa baki tun kafin a iso fada, don haka maganarsu ta zo a shirye, ɗaya na ƙarfafa ɗaya. Makau ya musa, amma musun mutum ɗaya ne a gaban bakuna da yawa. Sarki bai nemi wata shaida daga wajen da'irar fadawan ba. Shi ne aka ce an cuta, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa. Hukunci ya fito nan take: a washe gidan Makau, a kore shi daga gari. Makau ya karɓi abin a matsayin ƙaddara, ya kama hanya har ya sami mazauni a Maƙarfi. Marubucin bai tsaya ya yi wa Sarki wa'azi ba, bai kuma sa Umar ya la'anci kowa ba. Sanyin muryar mai ba da labarin shi ya sa zaluncin ya fito tsirara.

Yawancin nazarce-nazarce a nan suke tsayawa. Amma akwai wasu mutane a wannan fage da ba mu cika ƙirgawa ba, alhali a kansu ake ƙirge. Bayin da aka kamo daga ƙasar Gwari su ne abin gardama, amma babu mai suna a cikinsu, babu wanda ya buɗe baki. Adadi ne kawai: nawa aka kamo, nawa aka nuna. Mai karatu yana jin zafin abin da aka yi wa Makau har ya manta cewa Makau ɗin daga ƙone garin wasu ya dawo. Mu da ke zaune a Kaduna, birnin da aka kafa a ƙasar Gwari, bai kamata wannan shiru ya wuce mu ba.

Ana iya cewa Ɓalewa ɗan zamaninsa ne, bai ga abin ba. Zubin littafin bai goyi bayan haka ba. Bayan korar Makau, sai labarin ya ɗauki wannan matsayi na wanda ake ƙirgawa ba a tambayarsa, ya saka Umar da uwarsa a ciki. An sace yaron, kura ta kashe ɓarawon, wasu talakawa suka tsince shi, mahara suka sake kwashe shi, ya bi hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetara da shi hamada ya riƙe shi kamar ɗa. Uwar kuwa ta fita nemansa da ƙafarta, aka yaudare ta, aka sayar, ta bi ta Murzuk har Tarabulus cikin ɗauri da wulaƙanci. Abin da aka yi wa marasa suna a farkon littafi, shi aka yi wa mutanen da muka riga muka ƙaunata a tsakiyarsa. Yaro ya dace da ubangida nagari ya zama shaihi; uwa ba ta dace ba, ta ga ɗanta ta cika. Tsari ɗaya ne ya haifi sakamakon biyu, kuma littafin ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa don kada wani ya ɗauki sa'ar Umar ya wanke bauta da ita.

Akwai kuma tambayar da karatun gaggawa ba ya yi. Umar ƙaramin yaro ne lokacin da aka kori Makau, kuma ba ya nan lokacin da uwarsa ke shan wahala a hanyar hamada. To daga ina ya sami labarin dalla-dalla? Amsar da ta fi kusa ita ce daga bakin uwar, a ɗan zaman da suka yi kafin ta rasu. In haka ne, wani babban yanki na abin da almajiran Rauta suka saurara, shaidar mace ce wadda ba a taɓa saurara ba tana da rai, ta iso ta bakin ɗanta bayan ya zama mutumin da ake yi wa shiru in yana magana.

Lugard Hall yana nan Kaduna. A can ne, a watan Agusta 1950, Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Jihar Arewa ya kawo ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e, ya soki yadda iko ya taru a hannun sarki shi kaɗai, talaka ba shi da inda zai kai kuka. Ba na cewa Shaihu Umar takardar siyasa ce da aka yi wa rigar labari. Abin da nake cewa shi ne, kunnen da ya ji matsalar fadar da ba ta sauraron kowa sai na jikinta, ya riga ya ji ta shekara 16 kafin ranar, kuma shaidar tana cikin shafukan Makau.

3.0 Alhaji Imam da Malam Zurƙe

Abubakar Imam ya fito daga Kwalejin Katsina kamar Ɓalewa, ya shiga gasa ɗaya da shi, kuma shi ma ya tayar da labarinsa, Ruwan Bagaja, daga wulaƙanci a fada. Ɗan Sarki ba shi da lafiya, Liman, mijin uwar tauraron labarin Alhaji Imam, ya ce da za a sami ruwan Bagaja da ya warke, aka mayar da shi abin dariya a bainar jama'a. Kunyar da mijin uwarsa ya sha ita ta fitar da Alhaji Imam daga gida. A littattafan biyu ke nan mijin uwa ne aka ci wa mutunci a gaban Sarki, kuma daga nan tafiya ta fara. Amma abin da kowannensu ya yi da fagen ya sha bamban.

A Ruwan Bagaja, gaban Sarki da gaban alƙali filin wasa ne. Gari bayan gari Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna haɗuwa, wannan ya ƙulla wa wancan, a kama, a yi bulala, a ɗaure, a saki, gobe a rama. Kusan duk inda aka je shari'a, mai kaifin harshe ne ke cin nasara, mai gaskiya kuwa sai in ya iya baki. Muna dariya, kuma dariyar halal ce, domin gwanintar Imam wajen sarrafa Hausa ba ta da na biyu a zamaninsa. Amma in aka cire dariyar aka dubi abin da ya rage, hoton hukuma a Ruwan Bagaja bai fi na Shaihu Umar kyau ba. A duka biyun ana yanke hukunci a kan abin da aka ji daga wanda ya riga kai ƙara. Bambancin shi ne Ɓalewa ya tsayar da mu a bayan wanda aka zalunta, Imam kuwa ya tsayar da mu a bayan wanda ya iya juya tsarin.

Me ya sa muke goyon bayan Alhaji, alhali yawancin abin da ya yi wa Zurƙe bai fi abin da Zurƙe ya yi masa tsarki ba? Saboda shi ke riƙe da bakin labari. Littafin ya buɗe da Koje Sarkin Labari, mai yawo gari gari yana neman wanda zai kere shi har ya gamu da Alhaji, don haka abin da Alhaji ke yi tun farko gasar iya magana ce, kuma mai gasa ba ya ba da labarin da zai rage masa daraja. Zurƙe bai taɓa samun damar faɗar nasa ɓangaren ba. Duk malamin da ya sa ɗalibansa su sake ba da fage guda daga bakin Zurƙe zai ga yadda suke gano, da kansu, cewa mai ba da labari ba shaida ba ne marar son kai. Imam ya san wannan sarai. Shekaru kaɗan bayan haka, a Magana Jari Ce, ya ɗora littafin farko kacokan a kan aku da ke amfani da labari don ya tsare Musa ɗan Sarki a gida, ya ɓata wa Waziri shiri.

4.0 Rabi a tsakar gida

Da muka iso 1990, fada ta koma cikin gida. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, mai hukunci shi ne Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rumfar yadi a Kano, wadda ake yanke wa kuwa Rabi ce, uwar 'ya'yansa tara. Shi ma kamar Sarkin Kagara, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, kuma yana da mai zuga shi a kusa, wato amaryarsa Delu. Rikici ya tashi tsakanin matan, ya saki Rabi, ta fita da 'ya'yanta.

Waɗanda suka jefa wannan littafi cikin tulin soyayya ba su lura da abin da ya fi cika shafukansa ba, wato lissafi. Balaraba tana ƙirga kuɗin cefane da ba ya isa, tana nuna yadda Rabi ke cike giɓi da nata, wa ya biya kuɗin makaranta, wa ya sayi sabulu, me mai gida ya ci a waje alhali yara na jiran tukunya. Bayan saki kuma tana bin Rabi cikin sana'ar sayar da abinci, daga hura wuta zuwa ƙirga ciniki. Wannan ba cikon shafi ba ne. Shaida ce ake tarawa. Abin da ba a bar Rabi ta faɗa a gaban mijinta ba, marubuciyar ta shimfiɗa shi a gaban mai karatu ƙwabo bayan ƙwabo, har mai karatu ya zama alƙalin da gidan bai samu ba. A nan ne zaɓen muryar labari ya yi aiki. Ɓalewa da Imam sun ba tauraro namiji baki ya ce ni. Balaraba ta tsaya daga waje, wanda ya ba ta damar shiga ɗakin Rabi, da ɗakin Delu, da gidan Alhaji Abubakar wanda ya auri Saudatu 'yar Rabi, ba tare da neman izinin mai gida ba.

Sai ƙarshen littafin, wanda ya daɗe yana damun masu karatu. Gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, asirin Delu ya tonu, ya karye. Alhakin da sunan littafin ya yi alkawari ya iso. Amma maimakon a bar Rabi da rayuwar da ta gina, manyan maza na dangi suka taru suka matsa mata ta koma. Wasu manazarta na ganin nan marubuciyar ta ja da baya, ta miƙa wuya ga al'ada. Ni ban karanta shi haka ba. Fage na biyu ne na hukunci, kuma ya fi na farko nauyi. A na farko mugun miji ne ya yanke. A na biyu mutanen kirki ne, masu son ta da alheri, suka yanke, kuma a duka biyun ra'ayinta bai sauya komai ba. Da Balaraba na son mu yi murna da komen, da ba ta ɓata shafuka masu yawa tana nuna mana Rabi ta tsaya da ƙafarta ba. Ta sa mun san abin da Rabi za ta rasa kafin ta sa a karɓe shi. Ɗacin da ke saura a bakin mai karatu aikin marubuciya ne, da gangan aka dasa shi.

Wannan littafi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Abin takaici ne a ce masu karatu a wata nahiya sun tsaya a kan shafukansa fiye da yadda yawancin kundayenmu suka tsaya.

5.0 Gajeren labari

Gajeren labari ba shi da filin tara shaida irin na Balaraba. Gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, tana karɓar labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500 ne kawai. A irin wannan ƙunci, fagen hukunci kan zama shi ne labarin baki ɗaya. Haƙƙina na Aishatu Musa Dalil, 'yar jihar Kaduna, wanda ya zo na ɗaya a 2021, ya ɗauki yarinyar da mijin uwarta ya yi wa fyaɗe, uwar kuma ta zaɓi a rufe maganar don gudun abin kunya. A lura da yadda kujeru suka juya. A 1934 mijin uwa shi ne wanda aka zalunta, uwa kuma ita ce mai ƙetare hamada don ɗanta. A nan mijin uwa ne mai laifi, uwa ce mai hana magana. Ba a ma kai ga zaman hukunci ba. Hana zaman shi ne hukuncin. Wanda ya rubuta cewa jigon labarin fyaɗe ne ya faɗi abin da ya faru, amma bai taɓa abin da labarin ya yi ba.

Waɗannan labarai ana karanta su a rediyo, kamar yadda gidajen rediyon Arewa, har da na Kaduna, suka daɗe suna karanta littattafai ga masu sauraro. Ina ganin ya kamata mu dawo da karatu a bayyane cikin ajin adabi. Kunne yana saurin kama wanda ya daɗe bai yi magana ba fiye da ido.

6.0 Wane bugu muke karantawa?

Karatun tsanaki yana rataye ne a kan kalmomin da ke shafi, don haka dole mu san shafin wa muke riƙe da shi. Littattafan 1934 sun bi ta hannun East kafin su fita, har sunansa na kan Jiki Magayi tare da na John Tafida. Daga baya sun bi ta hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya daga 1966, kuma an yi wa wasunsu bugu mai sauƙi domin 'yan makaranta. Ɗalibin da ya gina hujja a kan gajartar amsar wani tauraro yana bukatar ya tabbata gajartar ta marubuci ce, ba ta almakashin edita ba. Littattafan Kano kuma tasu matsalar daban: da yawa ba su da shekarar bugu, wasu an sake buga su da canje-canje, wasu sun ɓace daga kasuwa ɗungurungum.

Wannan aiki ne da Kaduna ta fi kowane gari dacewa da shi. Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke nan tana riƙe da fayilolin gwamnatin Jihar Arewa, har da na ilimi. Gidan Arewa da ke Titin Rabah yana da ɗakin karatu da tarin takardu. Jami'ar Jihar Kaduna na kusa da su duka, Zariya kuma tafiyar awa guda ce. Shawarata ga sassanmu ita ce a ba ɗaliban digiri na biyu aikin jera bugu daban-daban na littafi guda, fage da fage, su nuna abin da aka cire da abin da aka ƙara. A fara da fagen Makau, domin gajere ne, kuma muna da fassarar Mervyn Hiskett ta 1967, da wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga littafin, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976, waɗanda za a iya gwada su da shi a ga wa kowannensu ya ƙara wa magana, wa ya rage wa.